Wane Hadari Ya Cancanci a Zuba Iri a Kansa? Bambancin Mahaɗun Iska da Ruwan da Kowacce Ke Kawowa

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, gardama ɗaya ce ke yawo a majalisun ƙauyukan Kano da Jigawa: ruwan da ya sauka daren jiya na shuka ne, ko a dakata? Wani ya tona ƙasa ya ga laima ya ɗauki sungumi. Maƙwabcinsa ya ce iskar ba ta zauna ba tukuna, ya bar irinsa a rumbu. Bayan mako uku ɗayansu zai sake shuka ko kuma ɗayan ya makara. Ruwan sama kala-kala ne, kuma abin da ke raba su shi ne irin karon iskar da ya haifi hadarin. Wanda ya gane wannan karon ya fi kowa sanin ko akwai wani ruwan a bayan na jiya.

Iskar da ta daɗe a kan wani yanki tana ɗaukar halinsa. Wadda ta zauna a kan Sahara busasshiya ce mai ƙura, wadda ta zauna a kan tekun Atlantika jiƙaƙƙiya ce. Idan iska biyu masu hali daban suka haɗu ba sa gaurayuwa nan take. Kamar man gyaɗa da ruwa ne a kwalba: mai nauyi ta shige ƙasa, mara nauyi ta hau sama. Layin da suka yi karo shi muke kira mahaɗa. Iskar da aka tilasta wa hawa tana yin sanyi, kusan digiri 1 a kowace mita 100, har ta kai matakin da tururin cikinta zai koma ɗigon ruwa. Daga nan gajimare ke farawa. Saboda haka a kowace mahaɗa tambayoyi biyu ne: wace iska aka ɗaga, kuma akwai ruwa a cikinta?

Mahaɗun littafin makaranta

Masanan garin Bergen na ƙasar Norway, Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob da abokan aikinsu, su suka tsara wannan ilimi wajen 1919 zuwa 1922. Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba, sai suka kwatanta layin karon iska da bakin daga, inda rundunoni biyu ke fuskantar juna. Iri huɗu suka shahara.

Mahaɗar sanyi tana samuwa idan iska mai sanyi ce ke kutsowa. Tana shiga ƙarƙashin mai ɗumi kamar bakin garma a ƙasa, goshinta a tsaye-tsaye, yana hawa kusan kilomita 1 a cikin kowace kilomita 50 zuwa 100. Ɗagawar da gaggawa take, shi ya sa ruwanta mai ƙarfi ne, da tsawa, a siririn layi, ya wuce cikin 'yan sa'o'i, sararin sama ya washe da sanyi. A taswirar yanayi shuɗin layi ne mai haƙora. Mahaɗar ɗumi kuwa mai ɗumin ce ke tahowa, kuma da yake ba ta da nauyin da za ta ture mai sanyi, sai ta riƙa hawa bayanta sannu a hankali, kilomita 1 a cikin 150 zuwa 200 ko fiye. Gajimarenta shimfiɗaɗɗe ne, yana bayyana tun mahaɗar tana da nisan ɗaruruwan kilomita, ruwanta yayyafi ne mai daɗewa. Jan layi ne mai rabin da'ira. Idan babu wadda ta iya ture wata, mahaɗar ta tsaya wuri ɗaya, ana iya kwana da kwanaki ana ruwa a yanki guda. Ta huɗu tana zuwa ne idan mahaɗar sanyi, wadda ta fi sauri, ta cimma ta ɗumi ta ɗauke iskar ɗumin gaba ɗaya daga doron ƙasa, alamar guguwar ta fara tsufa ke nan.

Waɗannan na Turai ne da Amurka ta Arewa da makamantansu, tsakanin digiri 30 zuwa 60 daga layin ikwaita, inda iskar ƙanƙara ke karo da iskar ƙasashe masu zafi, kuma juyawar duniya ke murɗa su da ƙarfi. Kano tana kan digiri 12. A nan bambancin zafi tsakanin iskoki kaɗan ne, murɗawar ma rauni gare ta. Babu manomin Ɗambatta ko Gumel da zai yi shuka a kan mahaɗar ɗumi, domin ba ta zuwa. Abin da ke iso mu daga mahaɗar sanyi wutsiyarta ce kawai, kuma a lokacin hunturu. Idan ta ratsa tekun Bahar Rum ta faɗa Libiya da Masar, iska mai sanyi da nauyi takan taru a arewacin Sahara ta ƙara wa iskar arewa maso gabas ƙarfi. Ita ke kwaso farar ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, bayan kwana ɗaya ko biyu mu wayi gari da hazo da sanyin da ke fasa leɓe. Mai alkama a Kadawa ko a kwarin Haɗejiya yana son wannan sanyin. Mai neman ruwan shuka ba shi da abin ɗauka a ciki.

Babbar mahaɗar da ke raba rani da damina

Tamu mahaɗar daban take. Layi ne da ya ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, inda busasshiyar iskar Sahara ke haɗuwa da jiƙaƙƙiyar iskar kudu maso yamma mai tasowa daga tekun Gini. A rahotannin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, za ka ga ana taƙaita sunanta da haruffan ITD. Abin da ya raba iskokin biyu laima ce fiye da zafi, shi ya sa masana ke zana layin a inda matakin raɓa ya kai kusan digiri 15, wato inda iska sai ta yi sanyi zuwa digiri 15 kafin ta fara zubar da raɓa. Arewa da layin matakin yana ƙasa da haka nesa, kudu da shi yana hawa zuwa 20 da 'yan kai.

A watan Janairu layin yana can kusa da bakin teku. Yayin da rana ke ƙara gasa Sahara, iskar da ke kan hamada takan yi zafi ta yi sama, nauyin iska ya ragu a wurin, sai iskar teku ta biyo don cike gurbi. Haka mahaɗar ke tafiya arewa, a matsakaici kusan kilomita 9 a rana, ta ratsa Kano da Jigawa galibi cikin Afrilu, ta kai wajen digiri 20 a farkon Agusta, can arewa da Agadas.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. A wannan mahaɗa jiƙaƙƙiyar iskar ce ta fi sanyi da nauyi, don haka ita ke shigewa ƙasa, busasshiyar kuma ta hau kanta. Wato iskar da aka ɗaga babu ruwa a cikinta. Shi ya sa ranar da mahaɗar ta wuce ta kan ƙauyenku ba a samun ruwa. Abin da ake samu shi ne sauyin iska: da dare ta juyo daga kudu ko yamma, gumi ya fara danƙo a jiki, gishiri ya yi laushi a kwano, itatuwa su fara toho, zafin bazara ya zama mai nauyi. Wannan shi ne abin da magabata suka taƙaita da cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Alama ce ta gaskiya, amma alama ce kawai.

Jiƙaƙƙiyar iskar tana da siffar bakin gatari: siririya a kusa da layin, tana ƙara kauri idan aka yi kudu. A bakin layin kaurinta bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, kuma zafin rana yakan gauraya ta da busasshiyar da ke samanta ta ɓace kafin azahar. Wannan ne dalilin da a Afrilu za ka ji iskar damina da asuba, da rana kuma ka koma cikin rani. Hadari mai ruwa yana bukatar kaurin da ya kai kilomita ɗaya da rabi zuwa biyu. Awon shekaru masu yawa ya nuna ruwan farko-farko yana bin bayan mahaɗar da nisan kilomita 100 zuwa 250, ruwan da za a dogara da shi kuwa sai kusan kilomita 400 kudu da ita. Raba 400 da 9, ka samu kwana 44, wato mako shida. Idan iskar ta juya a garinku tsakiyar Afrilu, ruwa mai ɗorewa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Daga Tudun Wada da Doguwa zuwa Maigatari akwai tazarar kusan kilomita 200 kudu zuwa arewa, kwatankwacin mako uku ke nan. Manomin Babura da ya ji an yi shuka a Rano ya ɗauki sungumi ya yi gaggawa.

Tafiyar mahaɗar kuma ba a miƙe take ba. Takan yi gaba kwana huɗu ta ja baya kwana uku. Idan ta ja baya bayan an yi shuka, iskar arewa ta dawo, raɓa ta ɗauke, sararin sama ya yi fari-fari da ƙura. Farin farkon damina da ke ƙone tsiro daga nan yake fitowa.

Akwai lissafi mai sauƙi da ke bayyana hadarin da ke haɗuwa baƙi ƙirin ya watse ba ɗigo. Gindin gajimare yana hawa kusan mita 125 a kan kowane digiri na tazara tsakanin zafin iska da matakin raɓa. A farkon Mayu, zafi 40 matakin raɓa 15, tazara 25: gindin gajimaren yana sama da kilomita 3. Ruwan da ya zubo daga can sai ya ratsa kilomita uku na iska mai zafi, yawancinsa ya ƙafe a hanya. Za ka hango zare-zaren ruwa suna rataye a ƙarƙashin hadarin ba su taɓa ƙasa ba, abin da ya iso ka guguwa ce da ƙura. A Agusta, zafi 30 matakin raɓa 22, gindin yana kilomita 1 kacal, ruwan yana isowa da cikarsa. Don haka duba tsayin gindin hadari. Wanda ya rataye can sama mai iska ne, wanda ya sauko kamar zai taɓa kan kuka mai ruwa ne.

Hadarin la'asar mai tsayuwa da hadarin gabas mai tafiya

Bayan babbar mahaɗar ta wuce, ruwan da ke sauka a gonakinmu ƙananan mahaɗu ne ke kawo shi, kuma a nan zaɓin yake.

Na farko shi ne hadarin da ke tasowa a wurin. Rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi sama kamar hayaƙi, wajen la'asar gajimare ya yi tsiri kamar tarin auduga, ya yi baƙi, ya zubar. Faɗinsa kilomita 5 zuwa 15, ransa rabin sa'a zuwa sa'a guda. Gajeren ransa yana da dalili: ruwan da yake zubarwa yana faɗowa ta cikin iskar da ke ciyar da shi, ya sanyaya ta, ya toshe wa kansa hanya. Shi ne ruwan da ke jiƙa gonar gabas da gari ya bar ta yamma a bushe. Yana iya zubar da milimita 25 a wuri ɗaya, kilomita uku gaba kuma ko ƙura bai kwantar ba. Abin da yake shaida maka kaɗan ne: laima ta isa yin hadari ɗaya yau. Bai ce komai a kan mako mai zuwa ba.

Na biyu shi ne hadarin gabas, wanda ke zuwa a jere kamar bango daga kudu zuwa arewa, tsawonsa ɗaruruwan kilomita. Shi ke kawo akasarin ruwan da yankin Sahel ke samu a shekara. Haihuwarsa tana bukatar abu uku a lokaci guda. A ƙasa, jiƙaƙƙiyar iskar kudu maso yamma mai kauri. A sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas da gudun kilomita 40 zuwa 50 a sa'a, wadda bambancin zafi tsakanin Sahara da kudu ke haifarwa. Sannan busasshiyar iska a wannan tsakiyar. Idan hadari ya tashi, galibi a kan tuddai irin na Mandara, Jos, Ayar ko Darfur, ruwansa yana ƙafewa a cikin busasshiyar iskar, ƙafewar ta sanyaya ta, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu kamar ruwan da aka kifar daga tulu. Gaban wannan sanyayyar iska shi ne goshin hadari, kuma ƙaramar mahaɗar sanyi ce sosai da sosai: tana shiga ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar iska mai ɗumi ta ɗaga ta da ƙarfi. A wannan karon iskar da aka ɗaga cike take da ruwa. Sabon hadari ya tashi a gaba, ya zubar, ya ƙara sanyayyar iska, ita kuma ta ɗaga na gabansa. Saboda iskar sama da ta ƙasa suna tafiya ta fuskoki daban, ruwan yana faɗuwa a baya, ba ya toshe bakin da ake ciyar da hadarin. Haka yake sabunta kansa sa'o'i 12 ko fiye, yana tafiya yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a.

Wannan gudun abin amfani ne. Daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 500 ne a miƙe, tafiyar sa'a tara. Hadarin da ya haɗu a Borno da la'asar shi ke tashin mutanen Kano bayan tsakar dare. Daga Haɗejiya zuwa Kano sa'a uku ne. Wayar ɗan'uwa da ke gabas da kai ta fi ta wanda ke yamma amfani nesa ba kusa ba, domin abin da ya sauka a yamma ya riga ya wuce ka.

Yadda yake isowa ma a tsare yake. Iska ta ɗauke, gari ya yi tsit da zafi. Walƙiya ta cika gabas daga gefe zuwa gefe, ba a wuri ɗaya ba. Sai iska ta juyo daga gabas farat ɗaya, mai sanyi, zafi ya faɗi da digiri 5 zuwa 10 cikin mintuna, a farkon damina da jan bangon ƙura a gabanta. Bayan minti kaɗan ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya. Sannan sashen da manomi ya fi bukata: yayyafi mai natsuwa na sa'a biyu zuwa uku daga shimfiɗaɗɗen gajimaren da ke biye, da cida jefi-jefi. Ruwan farkon mai duka ne, yana daddaɓe fuskar ƙasa, wani kaso ya gudu. Yayyafin bayan shi ke nutsewa. Hadarin gabas da ya zo da iska da ruwan minti ashirin ya ɗauke ba tare da wutsiyar yayyafi ba yana nuna laimar sama ba ta yi kauri ba tukuna.

Abin da ya fifita shi a wajen mai shuka shi ne ba ya zuwa shi kaɗai. Iskar gabas ta sama tana tafiya da lanƙwasa kamar igiyar ruwa, kowace lanƙwasa tana wucewa bayan kwana 3 zuwa 5, kuma hadarin gabas yakan biyo su. Idan aka samu biyu a jere cikin mako guda, kowanne da wutsiyarsa, kuma tsakaninsu iskar dare ba ta bar kudu maso yamma ba, damina ta kama hanya. Aibinsa kuwa yana goshinsa. Iskar takan yaye kwanon rufi, ta karya reshe, kuma a ƙasar jigawa takan kwashi rairayi ta yanke tsiron gero ɗan kwana goma ko ta binne shi. Iska na wahalar da mai kayan kara, in ji Hausawa, amma a gona karan ne ke ceton tsiro: wanda ya bar karan bara a kwance a fili maimakon ya ƙone shi ko ya kwashe duka ya rage gudun rairayi sosai. Haka kunyar da aka ja daga kudu zuwa arewa, ta tare iskar gabas, da ƙananan itatuwan da aka bari lokacin sassabe, irin su gawo da sabara da kalgo.

Awo kafin a ɗauki sungumi

Ido yana yaudara, musamman da dare. Sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka cire murfin gaba ɗaya. Ɗaure shi a kan turke a gonar kanta, a daidaice, nesa da bishiya ko ɗaki da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Da ruwa ya ɗauke ka saka rula ka karanta. Zurfin ruwan a milimita shi ne ruwan da ya sauka. Roba ko kwano mai buɗaɗɗen baki zai ba ka lamba fiye da gaskiya, wanda aka bari har rana ta ɗaga kuma zai ba ka ƙasa da ita.

Milimita 1 lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, lita 10,000 a hekta. A busasshiyar ƙasa mai rairayi milimita 1 tana jiƙa kusan santimita 1, don haka milimita 20 za ta kai laima kusan taƙi guda. A ƙasa mai laka ba za ta wuce rabin haka da yawa ba, domin laka tana shan ruwa mai yawa kafin ta sake shi ƙasa. Rana da iskar Mayu kuma suna iya ɗauke milimita 6 zuwa 8 a yini daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwan milimita 10 ke nan ba ya wuce kwana biyu a sama-sama. Ya isa ya tayar da iri, bai isa ya raya shi ba, kuma fuskar rairayi da tsakar rana takan wuce digiri 50, zafin da ke ƙone wuyan tsiro.

Ma'aunin da M. V. K. Sivakumar ya fitar a 1988, yana aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Nijar, har yau ana amfani da shi: damina ta fara idan bayan 1 ga Mayu aka samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 masu biyowa. Gwangwani zai ba ka rabin farko. Rabin na biyu babu mai ganinsa sai ya wuce, kuma a nan ne sanin irin hadarin ke shigowa, tare da hasashen da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara mai nuna ranakun da ake sa ran faruwar damina da ƙarewarta a ƙananan hukumomi. Malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin raya noma na Kano da Jigawa, su ne ya kamata a tambaya ranar da ta shafi yankinku.

Yanzu ga amfanin gona ɗaya bayan ɗaya, domin hukuncin ba ɗaya ba ne.

Gero shi ne wanda ya cancanci a yi kasada da shi. Hekta tana cin kilo 3 zuwa 5 na iri, asarar da gida zai iya ɗauka. Ribar sammako kuwa babba ce: ruwan farko yana tayar da ƙwayoyin halittar ƙasa su saki sinadarin naitirojin, wanda ruwan baya zai wanke idan babu saiwar da za ta kama shi, kuma geron da ya riga ciyawa fita ya rage wahalar firi. Don haka milimita 20 daga hadarin wuri ɗaya a ƙarshen Mayu, a kudanci da tsakiyar Kano, ta isa a shuka gero, da sharaɗin a ajiye irin sake shuka. A arewacin Jigawa irin wannan ruwan a tsakiyar Mayu tarko ne, domin mahaɗar ba ta yi nisan da zai hana ta dawowa ba.

Binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, yana da wurinsa ga mai gona da yawa da hannu kaɗan, amma lokacinsa ne ke yanke hukunci. Wanda aka yi mako ɗaya ko biyu kafin lokacin da damina ta saba zama a wurin yana cin moriyar hadarin gabas na farko tun daga ɗigonsa na fari. Wanda aka yi tun mahaɗar ba ta daɗe da wucewa ba yana zaune ne a lokacin ƙananan ruwa na milimita 5 zuwa 8, waɗanda ke kumbura iri su tsirar da shi ya mutu a rami, ban da tururuwa da ɓeraye da zabi. Idan za a yi, a zurfafa ramin zuwa santimita 4 ko 5 don ƙaramin ruwa kada ya kai gare shi, a cuɗa irin da garin magani, kuma kada a zuba takin zamani a rami ɗaya da iri a busasshiyar ƙasa, zai ƙone shi da ruwan farko.

Dawa tana tsakiya. Tsironta yana jure fari idan saiwa ta kama, amma an fi shuka ta a ƙasa mai nauyi wadda ke bukatar ruwa fiye da jigawa kafin ta jiƙu. A jira hadarin gabas mai wutsiya, a tona a ga laima ta wuce taƙi. Kaura da farafara suna fitar da kai ne bisa gajarcewar yini, ba bisa ƙidayar kwanaki ba, don haka jinkirin mako ɗaya ba ya sauya lokacin nunarsu sosai, yana dai rage girman kara.

Masara da gyaɗa ba a caca da su. Masara tana cin kilo 20 zuwa 25 a hekta, irin saye ne mai tsada, kuma tsiron da fari ya taɓa ba ya komawa daidai. Gyaɗa ta fi haka cin iri ninki uku ko huɗu, ƙwayarta kuma mai mai ce, tana ruɓewa idan ta sha ruwa kaɗan ta zauna a ƙasa mai zafi. Waɗannan sai hadarin gabas na biyu ko na uku, lokacin da laimar sama ta haɗu da ta ƙasa, raɓa tana kwana a ganye, gindin gajimare ya sauko. Wake da riɗi suna da sauƙi, lokacinsu yana zuwa bayan damina ta zauna.

Aikin taki da feshi ma suna bin siffar hadarin. Yuriyar da aka watsa a fili kafin ruwan goshi tana bin ruwa zuwa kwari. A bari ya wuce, washegari a tona ɗan rami santimita 5 daga gindin shuka a zuba a rufe. Maganin ciyawa mai bi ta ganye yana bukatar sa'o'i ba ruwa, saboda haka safiya bayan hadari ta fi yammacin da gabas ke walƙiya. Mai aiki a fili kuma ya ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Hadarin da ke kilomita 10 zai iso cikin kusan minti goma, aradu kuma tana iya riga shi, kuma gindin bishiya tilo a tsakar gona shi ne wuri mafi haɗari.

A marka, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, mahaɗar tana can cikin hamada, jiƙaƙƙiyar iska ta yi kauri na kilomita da yawa. Guguwa ta ragu, mamako ya ƙaru, damuwar ta koma kwanciyar ruwa a gona, zubewar katangar ƙasa da ambaliya a garuruwan bakin kogi irin su Ringim, Auyo da Guri. Sai dai tun lokacin shuka ya kamata a tuna da komawar mahaɗar, domin ta fi zuwanta sauri: kusan kilomita 15 a rana. Damina tana shigowa da jan ƙafa, tana fita da gudu, a arewacin Jigawa daga tsakiya zuwa ƙarshen Satumba, a Kano zuwa farkon Oktoba. Duk kwanan da aka ƙara ana jiran tabbaci daga wannan ƙarshen ake cire shi. Wanda damina ba ta zauna masa ba sai 25 ga Yuni, a Gumel ko Maigatari, yana da kwana 85 zuwa 95 a hannu. Geron SOSAT mai nuna cikin kusan kwana 90 zai shiga, gyaɗar SAMNUT 24 mai kwana 80 zuwa 90 za ta shiga, waken da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 75 zai shiga har da rara. Masara mai kwana 120 ba za ta shiga ba, ko da irin yana ajiye a ɗaki.